Ranar da Na Saka Matar Teku a Kwantena

Akwai wata Asabar a Guangzhou da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. A lokacin Hausawan da ke zaune a garin ba mu da yawa, kowa ya san ɗakin kowa, kowa ya san abin da kowa ya ci. Ina da shekara talatin da ɗaya, ina sayen kwaɗo da makullan ƙofa ina turawa kasuwar Sabon Gari. Ɗaki ɗaya na kama a Dengfeng, a saman shagon wani tsoho mai gyaran agogo. Matata da yarana biyu suna Kano, rabona da su wata tara.

Amma ba kwaɗo ne abin tinƙahona ba, Turanci ne. Na gama sakandare, na ci Turanci da kyau, kuma ina da 'yar rediyo da nake kwaikwayon masu karanta labarai a cikinta. Duk wanda aka aiko wa takarda daga kamfanin jirgin ruwa, wurina yake kawowa. Sai in gyara zama, in gyara murya, in karanta da ƙarfi, inda ban gane ba in ƙara gudu in wuce. (Ba wanda ya taɓa kama ni. Abin da ya lalata ni ke nan.)

Babbanmu a lokacin shi ne Alhaji Sani, mutumin zangon Kumasi, wanda yake haɗa kayan 'yan kasuwa ya cika kwantena ya tura Tema da Kwatano da Legas. Ofishinsa yana hawa na tara a wani dogon gini a titin Huanshi. Alhaji karatun allo ya yi mai zurfi, yana jin Turancin kasuwa, a Sinanci kuma yana da "lawban" da "meyo", wato maigida da babu, waɗanda da su ake rabin cinikin garin. Sai dai ya ce Turancin Turawan asali, wanda ake yi ta hanci, ba ya shiga kunnensa. Don haka yana neman wanda zai ɗora a kan hulɗa da kamfanin jirgin ruwa, ya zama bakinsa a gaban Turawa. Kowa ya san ni ake nufi. Ni ma na sani. Har na sayi jakar hannu ta fata, ina yawo da ita babu komai a ciki sai jarida.

Baturen da ke kula da kayanmu a kamfanin ɗan ƙasar Norway ne, sunansa Arne. (Wallahi haka iyayensa suka raɗa masa, a wurinsu suna ne mai kyau. Ranar da ya fara miƙo wa Alhaji hannu ya ce shi ne Arne, Alhaji ya juyo ya ce min a hankali, "To ai mun sani, amma me ya kai shi faɗa?") Mu dai Dogo muke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ofishin Alhaji.

Wata rana na kai masa takardu, sai ya ce in zauna. Ya ce a ginin da suke haya, iyalan Turawa sukan taru ranar Asabar sau ɗaya a wata a yi wa yara tatsuniya, kowa ya kawo ta ƙasarsu. Wannan karon surukarsa, mahaifiyar matarsa, ta zo daga Ireland, kuma a garinsu ita ake kira in ana son tatsuniya. Ita ce da kanta ta roƙa a gayyato iyalan Hausawa.

"Ta daɗe tana so ta haɗu da mutanenku," in ji Dogo, "saboda a da can ta…"

"Babu damuwa," na katse shi. "Ni zan fassara. Ka ɗauka an yi an gama."

Ya buɗe baki zai ƙarasa, wayar teburinsa ta yi ƙara. Na ɗauki jakata na fita. (Da na tsaya ya ajiye wayar nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.)

Da na kai wa Alhaji saƙon, sai ya ce, "Tatsuniya da rana tsaka? Mu a gida hana yara ake yi." Matarsa Hajiya Memuna ce ta matsa. Ta ce yaran nan tun da suka zo China ba su san komai ba sai ɗaki da lif, su ma su fita su ga mutane. Alhaji ya yarda, sannan ya nuna ni da carbinsa.

"To Bakano, ga ranarka. Zan zauna in ji yadda kake juya Turancin hanci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za ka ji."

Ranar Asabar bayan azahar na ci babbar riga ta shadda, na kafa hula, na ɗauki jaka. Wurin wani falo ne a ƙasan ginin, an shimfiɗa darduma yara sun zauna a kai, manya a kujeru ta baya. Akwai shayi da kek a tebur. Ɓangarenmu akwai Alhaji da Hajiya da yaransu uku, babbar ita ce Rabi, 'yar shekara bakwai mai ido a buɗe. Akwai Malam Isufu, wani ɗan Maraɗi mai sayen takalma, da matarsa da ɗansu. Shi Faransanci yake ji, Turanci ko ɗigo. Sai gwauraye huɗu da suka ji an ce akwai kek. Aka ajiye min kujera a gaba, dab da ta mai tatsuniya. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Dogo ne ya fara. Ya ba da labarin wani dodon ƙasarsu da ke zaune a cikin dutse, ƙato kamar tsauni amma ba wayo, wanda in hasken rana ya taɓa shi sai ya daskare. Dodon ya kama wata yarinya mai kiwon awaki zai cinye ta, ita kuma ta yi ta jansa da kacici-kacici, yana tunani yana sosa kai, har rana ta ɓullo ya zama dutse. Turancin Dogo a hankali yake fita, kamar mai sauke buhu ɗaya bayan ɗaya. Na fassara tsaf. Na ƙara da gurnani, na miƙe na yi tafiyar dodo, babbar riga tana kaɗawa. Yaranmu suka yi ta dariya, har na Turawa suka juyo suna kallona. Na saci kallon Alhaji na ga yana gyaɗa kai. A raina na ce aikin nan ya zama nawa.

Sai tsohuwar ta taso. 'Yar ƙarama ce, gashinta fari fat, da rigar sanyi koriya da tabarau, tana riƙe da wata jakar saƙa. Madam Birida ake ce mata. Ta zauna kusa da ni, ta dubi yaranmu ɗaya bayan ɗaya tana murmushi, ta daɗe tana kallon ɗaurin ɗankwalin Hajiya. Ban kawo komai a raina ba. Ina can ina gyara hannun riga.

Ta buɗe baki ta fara.

Jama'a, abin da ya fito daga bakin matar nan, na rantse ban taɓa jin irinsa a rediyo ba. Yana hawa yana sauka kamar waƙa, ƙarshen kowace kalma yana shigewa cikin farkon ta gaba. In na kama ɗaya, bakwai sun wuce. Ta kai aya ta tsaya, ta dube ni. Kowa ya dube ni.

A nan ne ya kamata in ce mata ta maimaita a hankali. Amma Alhaji yana zaune, kuma yanzun nan na gama tafiyar dodo. Sai na tattara abin da na tsinta. Na tsinci masunci. Na tsinci bakin teku. Na tsinci mata. Sannan na tsinci wata kalma da na sani kamar sunana: sil.

Ga wanda bai taɓa loda kwantena ba, sil wani ɗan ƙarfe ne kamar ƙusa mai kauri, an lulluɓe shi da roba mai launi, da lamba a jikinsa. In an gama lodi an rufe ƙofa, shi ake ɗanawa, kuma ba a yanke shi sai a gaban kwastan. Nan take hankalina ya kwanta. Na ce ai surukinta a kamfanin jirgin ruwa yake aiki, dole labarin gidansu ya biyo ta tasha.

Abin da ban sani ba shi ne, a Turanci akwai wata dabbar teku da ita ma sunanta ke nan. Bari in ba ku abin da tsohuwar take faɗa, yadda na ji shi daga baya, don ku iya auna girman ta'asar. A ƙasarsu ana cewa waɗannan dabbobi sukan fito bakin teku su tuɓe fatarsu, sai su zama mata, su yi rawa a kan yashi, in sun gaji su mayar da fata su koma ruwa. Wani masunci ya laɓe a bayan dutse ya ɗauke fata ɗaya ya ɓoye. Sauran suka tafi, mai fatar ta kasa binsu. Ta zauna a ƙauyen, daga baya ta auri masuncin, suka haifi yara.

Ga kuma abin da ni na faɗa, da murya cike da ilimi:

"Wai akwai wani masunci a ƙasarsu, yana zaune kusa da tashar jirgin ruwa. Wata rana aka sauke wata kwantena, sai ga mata a ciki, kowacce da sil ɗinta."

Rabi ta ɗaga hannu. "Kawu, mene ne sil?"

"Tambayi babanki in an koma gida," na ce. "Sai matan nan suka cire sil ɗinsu suka ajiye a kan yashi, suka kama rawa."

"Suka cire da kansu?" in ji Alhaji daga baya. "Ba kwastan a wurin?"

"Babu, ranka ya daɗe. Zamanin da ne."

Tsohuwar ta ci gaba. Yanzu na ji tana haɗa sil da fata. Wannan ma bai ba ni wahala ba, na ce robar nan ce da ake lulluɓe ƙarfen da ita. Na bayyana musu cewa masuncin ya sace robar mace ɗaya, kuma a jikin robar lamba take, in babu lamba jirgi ba zai ɗauke ki ba. Shi ya sa sauran suka koma, ita aka bar ta a tasha.

Malam Isufu ya matso da kujerarsa. "To ba ta rubuta lambar a takarda ba?"

"Ba ta rubuta ba."

"Sakaci," ya ce, yana girgiza kai.

"Masuncin nan ɓarawo ne," in ji Alhaji. "Wa ya ba shi izinin taɓa kayan da ba a tantance ba?"

Tun daga nan labarin ya kama hanyarsa. Tsohuwar ta yi magana mai tsawo, murya ƙasa ƙasa, tana kallon nesa. Ni na ce matar kullum tana zuwa tasha tana bin ofis ofis. (Ashe cewa take matar kullum da yamma sai ta tsaya a bakin ruwa tana sauraren kukan 'yan uwanta.) Ta yi wata 'yar waƙa mai sanyi da yarensu, ni na ce wannan kukan wanda kayansa suka maƙale ne. Gwaurayen nan suka daina cin kek suna ba da shawara, wani ya ce ta nemi sabon sil, wani ya ce ai sai da takardar asali.

Hajiya Memuna ce ta fara shan jinin jikinta. Ta dubi ɓangaren Turawa, yara sun yi tsit, wata uwa tana share ido da hankici. Ta dubi namu, maza suna gardama a kan takardu.

"Bakano," ta ce, "me ya sa su suke neman kuka, mu kuma muna maganar kwastan?"

"Hajiya, Turawa ba su saba da wahalar tasha ba, abu kaɗan sai ya taɓa su."

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma bakina ya riga ya yi zafi. Na ɗan sunkuya wajen mutanenmu, ina murmushi don kada tsohuwar ta gane, na ce, "Kuma ku yi min uzuri. Tsohuwar nan Turancinta na ƙauye ne. Labarin ma kwance mata yake yi, ni nake ɗaure shi."

Gwauraye suka ƙyalƙyale. Tsohuwar ta tsaya, ta dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Ni kuwa har na ɗaga mata kai, alamar ina tare da ita.

Can sai ta sa hannu a jakar saƙar nan, a hankali, yara duk suka miƙa wuya. Ta zaro wani abu mai laushi, toka-toka, mai gashi kamar bargo. An ɗinka masa kai zagaye, da manyan idanu baƙaƙe da gashin baki. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta yafa a kafaɗarta, ta faɗi kalmar nan tawa. Sil.



"Kawu," in ji Rabi, "wannan ne ƙarfen?"

A nan na gane abin da na tafka. Amma ku ji ƙarfin hali. Na ce, "A'a, wannan bargon da ake naɗe shi ne, saboda sanyin ƙasarsu."

"To me ya sa bargon yake da ido?"

Ina cikin neman abin da zan ce, tsohuwar ta sauke fatar ta ɗora a cinyarta, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Sannu da aiki, Malam Tafinta," ta ce.

Da Hausa. Hausa mai nauyi, ta tsofaffi, amma Hausa.

Na ji kamar an zare kujerar da nake kai. Na dubi ƙofa, tana can ƙarshen falo, tsakanina da ita yara sun fi ashirin.

"Gaskiyarka, ni 'yar ƙauye ce," ta ci gaba, tana neman kalmomin ɗaya ɗaya. "Ƙauyenmu ƙarami ne, tumaki sun fi mutane. Amma matar nan, ɗana, ba ta taɓa shiga kwantena ba."

Hajiya Memuna ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Malam Isufu ya sunkuya yana kallon takalminsa. Alhaji bai yi dariya ba da farko. Ya dube ni, ya dubi fatar, ya sake dubana, sai ya ce, "To ina batun lambar?" Daga nan falon ya rushe. Yaran Turawa ba su san abin da ake yi ba, amma da suka ga manya suna riƙe ciki su ma suka shiga. Dogo ya tambayi surukarsa me ya faru, ta gaya masa da Turanci, shi kuma ya gaya wa sauran. Wato an fassara kunyata, kuma an fassara ta daidai.

Ashe matar nan shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin unguwar zoma a wani asibiti a ƙasar Filato, ta bar Najeriya tun ban fara rarrafe ba. Ta ce Hausar ta yi tsatsa, tana ji amma bakinta ba ya iya ɗaukar dogon labari, shi ya sa ta nemi tafinta. Abin da ya sa ta ce a gayyato mu kuwa, so take ta sake jin ana Hausa a kusa da ita kafin ta mutu. Abin da Dogo yake ƙoƙarin gaya min ke nan ranar da na katse shi.

"Tun daga dodo nake jinka," ta ce min. "Dodon ya yi kyau ƙwarai."

Na ce, "Mama, ki yafe min." Muryar rediyo ta gudu, wata siririya ce ta fito.

Alhaji ya share hawayen dariya, ya gaishe ta sabuwar gaisuwa, har da tambayar mutanen gida, ta amsa tsaf. Sannan ya rage murya ya ce, "To Mama, ashe kin san ma'anar sunan surukinki."

"Na sani, Alhaji. Shekara tara ban gaya masa ba. Ku ma ku bar shi haka."

Ana cikin wannan dariyar na lallaɓa na ɗauki jakata zan koma baya wurin gwauraye. Ta riƙe min hannun riga.

"Ina za ka? Zauna. Zan ƙarasa da Hausa. In kalma ta gudu, ka kamo min."

Ta fara bayyana wa yaranmu dabbar. Ta ce kamar ayu take, amma a teku take zama, idonta kamar na mutum. Ta koma farkon labarin ta gyara duk abin da na ɓata, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya, tana faɗa da Hausa tana juyawa ta faɗa wa nasu da Turanci. Ta ce wata rana masuncin ya tafi kamun kifi, sai ƙaramar 'yarsu tana wasa ta hau saman ɗaki.

"Abin nan da ake sa wa a sama, na ciyawa," ta ce tana kallona.

"Jinka," na ce.

"Jinka. Na gode."

Yarinyar ta sa hannu a cikin jinka ta zaro wata tsohuwar fata. Ba ta san mene ne ba, ta kawo wa uwarta ta ce ga abin da ta tsinta. Uwar ta karɓi fatar. Ta tashi ta dafa abinci, ta yi wa yara wanka, ta taje musu kai, ta zaunar da su suna ci. Sannan ta ɗauki fatar ta nufi teku. Ba ta dawo ba. Amma tun daga ranar, duk lokacin da yaran suka je bakin ruwa, sai wani kai toka-toka ya ɓullo can nesa kaɗan, yana kallonsu har su tashi. Kuma komai munin ruwa, kwale-kwalen gidan bai taɓa kifewa ba.

Labarin ya ƙare. Ba wanda ya tafa.

Rabi ta ce, "Kaka, ba ta son 'ya'yanta ne?"

"Tana son su sosai," in ji tsohuwar. "Amma ita ma tana da uwa a cikin ruwa, da 'yan uwa. In ta zauna a nan, ta bar waɗancan. In ta koma can, ta bar waɗannan."

Hajiya Memuna ta jawo gyale ta rufe fuska, wannan karon ba dariya take ba. Shekara uku rabonta da mahaifiyarta a Kumasi. Malam Isufu ya ɗauki ɗansa ya ɗora a cinya. Ni ma na tuna ƙaramin ɗana, wanda na baro yana rarrafe aka aiko min a wasiƙa cewa yanzu har gudu yake yi. Na ga abin da na kusa hana mutanen nan ji, na musanya musu shi da rigimar takardu. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Ranar Litinin na je ofishin Alhaji, ban ɗauki jaka ba. Ya sa aka kawo min shayi, ya bar ni na sha rabi.

"Bakano," ya ce, "ba rashin jin ne ya dame ni ba. Ni ma ba na ji. Amma ni in ban ji ba, ina cewa ban ji ba. Shekaranjiya tatsuniya ce. Gobe takardar kayan mutane ce."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Aikin Turawa ya ba wani ƙanin Hajiya da ya kira daga Accra. Ni kuma ya ce tunda Allah Ya hore min ilimin sil, daga ranar ni ne mai tsayawa a wurin lodi. Shekara biyu na yi a filin kwantena a Huangpu, rana da ruwa, ina ɗana ƙarfe ina rubuta lamba. Malam Sil aka koma kirana, har 'yan China masu dako suka ɗauka sunana ke nan na yanka.

Kafin tsohuwar ta koma ƙasarsu na je gidan Dogo na sake ba ta haƙuri. Na kai mata ragowar kilishin da nake ta tattali tun daga Kano. Ta shinshina shi ta lumshe ido, ta ci kaɗan yaji ya sa ta tari, ta ƙi bari a karɓe. Muka yi hira mai tsawo, tana tambayata ko har yanzu jirgin ƙasa yana zuwa Kano, ina gyara mata kalma tana gyara min Turanci. Sau uku na ce mata ban gane ba, ta maimaita, kuma ban mutu ba. Da zan tafi ta ce ta yafe min tun a falo, amma akwai sharaɗi: labarin kwantenar nan ya zama nata, za ta ba da shi a ƙauyensu, da hular da babbar rigar da komai. Ina jin akwai waɗanda suka girma a can da suka san wani mutumin Kano fiye da yadda zan so.

Abu biyu na ɗauka daga wannan Asabar. Na farko, "ban gane ba" kalma uku ce, ana faɗinta a gama kafin kowa ya kurɓi shayi, ƙarya kuwa sai ka yi ta yi mata bargo. Na biyu, duk tsohuwar da zan yi gulmarta da Hausa, ko a wace ƙasa ce, ko wane irin launi ne da ita, sai na fara ce mata "ina wuni" na tsaya na ga ko za ta amsa.